Ɗan Farin Tambara

A ƙidayar jama'a ta ƙarshen shekarar 2012 an ba ni ƙauyuka uku a ƙasar Kurfai, aka haɗa ni da jaka, da tulin takardu, da alli, da wata hula mai tambarin gwamnati da ta yi wa kaina yawa. Ni malamar lakkol ce, wato makarantar boko, a Filinge, sunana Nafisa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da jimirin jira. Mahaifiyata kan ce ranar da aka raba haƙuri an aike ni rijiya. Sai ga shi aikin da na samu duk jira ne: a jira mai gida ya dawo daga jeji, a jira tsohuwa ta gama gaisuwa, a jira a kamo akuyar da ta gudu da takardata a baki.

Ƙauye na biyu shi ne Tungar Maidawa, can bayan Tabla, inda mota ke ajiye mutum ya ƙarasa da amalanken jaki. Na iske garin kamar an share maza da tsintsiya. Haka Kurfai take da rani. Da an yanke gero an ɗaure an zuba a rumbu, sai maza su rataya jaka, wasu Yamai, wasu Kotonu ko Lome, wasu can Abija ta gabar teku, masu ƙarfin hali su nufi Libiya. Abin da ya rage mata ne da yara, da 'yan tsofaffin da ke zaune a inuwar gawo suna matsawa tare da ita.

A wurin horo an koya mana cewa gida shi ne mutanen da ke ci daga tukunya guda. Wanda tafiyarsa ta wuce wata shida ba a sa shi cikin gidan, ko da shi ya gina shi. Wanda kuma ya kwana jiya amma ba zama ya zo yi ba, a rubuta shi baƙo. In an gama da gida sai a sa masa lamba da alli a ƙofa, kowa ya san an wuce nan.

Maigari ya sauke ni a gidan wata tsohuwa mai suna Tambara, matar marigayi Maidawan da ya sari wurin har aka sa wa tungar sunansa. 'Yar ƙarama ce, busasshiya, fuskarta duk tsaga, idonta ɗaya ya soma yana. Ban taɓa ganin hannunta a zaune ba. Daga asuba har rana ta faɗi tana saƙar kaba, tabarma ko faifai, tana hira tana tsokanar mutane, yatsun na aikinsu ba tare da ta dube su ba. A wajen Bankuku aka haife ta, cikin kwarin da goriba ta fi mutane yawa, can ta koyi saƙar a gindin uwarta. Aka kawo ta nan amarya lokacin da tungar ba ta wuce bukkoki uku da rijiya ba.

Mijinta manomi ne kuma mai goge, shi ke kiran iskoki a wasan bayan girbi. Mutanensu ba su saki abin kakanni ba, kuma ita ma ba ta saki ba. Tana da wata farar kaza mai girman kai da ba a yankawa, ba a kora, har kan tabarmata take hawa ta dube ni sama da ƙasa. Surukarta Sa'a, matar autanta Yahaya da ke Kotonu, ba ta wasa da salla. Wannan na shimfiɗa buzunta, waccan na ajiye wa iskokinta gumba a bayan ɗaki, kuma ban taɓa jin kansu ba. Da dare ya yi sanyi tsohuwar kan sa a kawo mini garwashi a kasko, sa'annan ta ce wai 'yan birni fatarsu ta takarda ce.

Tun ranar farko ta raɗa mini suna ɗiyar gomnati. In na fito da safe sai ta ce, "Ɗiyar gomnati, yau wa za ki ƙirga? Ki hwara da kazata, ita ma 'yar ƙasa ta."

Gidanta na bari ƙarshe. Da la'asar ɗin ranar da na gama da sauran gari na shimfiɗa takarduna a gabanta, Sa'a na gefe tana tsince wake.

Na ce, "Inna, tunda Yahaya ya wuce wata shida, ke ce shugabar gidan nan."

Ta yi dariya har ta sarƙe. "Ni? To, zakara ya tahi Kotonu, kaza ta yi cara. Rubuta."

"Shekarunki nawa?"

"Wa ya aike ni ƙirga? Wanda yab ba ni su, shi ka ƙirga abinai."

Wannan ba sabon abu ba ne gare ni. An ba mu jerin manyan abubuwan da suka faru a ƙasa don irin haka, sai a bi su da tsoho har a gano inda ya tsaya. Na tambaye ta ko ta tuna shekarar garin rogo, yunwar nan ta zamanin Nasara da aka rayu da garin da ake kawowa daga kudu.

Ta ce, "Ina mantawa? Ina da goyo, nono ya ƙahe. Ni ka tauna gari in ba shi a baki kamar tsuntsuwa."

Na yi lissafina, na ba ta saba'in da 'yan kai. Ta ce na yi mata rowa.

Da muka zo kan haihuwa ta ɗaga mini yatsa. "Ba a ƙirga ɗiya, ana jin ka. Ni in hwaɗi suna, ke ki yi ƙirganki a ciki, kar ki hiddo shi." Na yarda. Ta fara da Fati, wadda ta ce ta haifa shekarar da aka ba mu mulkin kai, tana aure a Baleyara. Sai Mamman da ƙyanda ta ɗauke yana tatata. Sai tagwayen da ba su ga ranar suna ba. Sai Ladi, sai wata da ta zo ba rai, sai Yahaya. Ta ambaci matattun da rayayyun da murya guda, kowane da lokacinsa, wannan ana shuka, wancan gero na bununi.

Sai na duba abin da na rubuta. Tsakanin garin rogo da mulkin kai akwai shekaru, kuma goyon da aka tauna wa gari bai fito cikin sunayen ba. Ba sai an gaya mini ba, ni ma Bahaushiya ce. Mahaifiyata har yau ba ta kiran sunan yayanmu na fari. Amma ita tana zama da shi, tana yi masa faɗa, tana cin goronsa. A birni kunyar ɗan fari ta sirance. A zamanin su Tambara kuwa da kaurinta take.

Na sassauta murya. "Inna, goyon shekarar garin rogo hwa?"

Yatsun suka tsaya. Karo na farko ke nan da na ga sun tsaya.

Ta ce, "Wanga na tsohuwa na."

"Shina da rai?"

Ta miƙe da ƙyar, ta tafi korar awakin da ba su yi mata komai ba. Sa'a ta ƙifta mini ido, ta nuna mini hanyar rijiya da haɓa.

A bakin rijiya ta ba ni labarin, tana jan guga tana waiwaye. Sunansa Ɗantani. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa, uwar Maidawa, kamar yadda ake yi, shi ya sa Tambara ke ce masa na tsohuwa. A gida guda ya girma da uwarsa, amma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. In ya shigo ta juya baya, in ya gaishe ta ta amsa wa danga. Mata suna yabonta, ana kai wa amare misali da ita, a ce ku dubi Tambara ku koyi kunya. Manya sun gaya wa Sa'a cewa wata rana yana yaro ya faɗo daga kan goriba, hannu ya karye, aka shigo da shi yana ihu. Duk matan gida suka yi kansa. Tambara na daka, ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da dakanta. Sai daga baya aka ga jini a gindin turmi. Taɓarya ta sauka a kan yatsan ƙafarta, ba ta ma sani ba.

Ya bar gida a babbar yunwar tamanin da huɗu, bayan shanun ubansa sun ƙare. Ya ce ba zai dawo ba sai da abin da zai mayar da su. Ya yi Abija, ya kafa teburin gwanjo a kasuwa, ya yi aure can. Da farko yakan aiko da turmin atamfa, da sunan kakarsa, don shi ma kunyar ta hau kansa, ba ya aika wa uwa kai tsaye. Kakar ta mutu bai zo ba. Maidawa ya mutu bai zo ba, ya aiko cewa hanya ba kyau. Sai rikicin Abija ya tashi, aka ƙone kasuwarsu, matar ta kwashe yara ta koma wurin danginta. Ya biyo manyan motocin da suka kwaso 'yan ƙasa, da jaka guda da tari a ƙirji. Ya sauka a tashar Filinge, kuma daga nan ƙafarsa ta ƙi gaba.

Sa'a ta ce, "Ya hi shekara can, madan. Shina gadin kaya, shina kwana cikin rumhwa. Maigari ya aika, yac ce gobe. Maigidana ya kira shi da salula, yac ce gobe. Ni da kaina na tahi na durƙusa mishi, sai yac ce min, wa ka nemana can?"

"Ita hwa? Mi tac ce?"

"Inna? Ko uhum. Sai dai duk ran kasuwa ta ƙulla daddawa da kuka, ta ce in kai ma mai tuwon tasha, in ce sadaka ta. Da sanyi ya shigo ta ba ni tabarma mai kauri, wai ita ma sadaka ta, a ba wanda ka kwana cikin rumhwa."

Haushi ya kama ni, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Tsohuwa ido na rufewa, ɗa na tari, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai wuni ba. Ita ba ta iya aikawa a kira shi, don duk wanda za ta aika ɗan gida ne, kuma bakinta bai taɓa furta cewa tana son ganinsa ba. Shi kuma ba ya iya zuwa hannu rabbana gidan da ba a kira shi ba. Kowa ya riƙe mutuncinsa da hannu biyu, kwanaki kuwa suna ta wucewa.

Washegari da safe na haɗa kayana, na ɗauki alli na nufi ƙofar gida. Na iske Tambara tsaye a wurin, ta riga ni. Duk tsawonta bai kai kafaɗata ba, amma ta cika ƙofar.

Ta ce, "Kar ki sa."

"Inna, mun gama ai."

"Ke kinka ce masu cin tukunya guda. Tukunyata ba ta cika ba."

Na gane inda ta dosa. Na yi mata bayani a hankali cewa ba ni da ikon rubuta mutumin da ba ya nan, sai wanda ke zaune a gidan ko wanda ya kwana a ciki.

Ta dubi ƙasa. "Ashe sai mutun ya kwana."

"Sai ya kwana."

"To ki tahi Hilinge, tasha. Ki ce ma na tsohuwa gomnati ta ce kowa shi kwana gidan ubanai, ana rubutu." Ta ɗan dubi kaina. "Ki sa hulag ga in za ki hwaɗi."

Na buɗe baki in ce ina da ƙauye guda da ban taɓa ba, ga shugaban ƙungiyarmu na jirana, kuma ba a ɗauke ni aikin sasanta dangi ba. Sai na dube ta tsaye a ƙofar, na gane. Matar nan ta yi shekara tana neman ɗan aike wanda ba nata ba, wanda ba za ta ji kunyarsa ba, sai Allah ya jefo mata ni da hulata. Tausayinta ya kama ni. Na mayar da allin cikin jaka. Da ma ina da takardun da zan kai Filinge, in karɓo wasu.

Ban sha wahalar samunsa ba. Mai tuwon tasha ta nuna mini shi da ludayi. Dogo ne, ya rame, furfura ta cinye kansa, yana zaune a kan buhunan wake da sanda a hannu. Fuskar Tambara ce sak, an dai ja ta ta yi tsawo. Da ya ga hular da jakar sai ya soma tattara ƙafafunsa zai tashi.

Na ce, "Baba, ina wuni? An rubuta ka?"

"'Yan uwanki sun zo. Sunka ce ina gidana. Sai nit tashi nib ba su wuri."

Tun a kan amalanke nake bitar saƙon. Na gyara hula, na ce, "An aiko ni in ce maka gomnati ta ce kowa shi kwana gidan ubanai, ana rubutu."

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari. "Madan, na ga gomnatoci iri-iri. Wace ta a cikinsu tas san ubana?"

Da ma na san wannan dabarar ba za ta kama mutumin da ya sha ruwan ƙasashe ba. Na cire hular na zauna a kan buhu kusa da shi. Na ce, "Gaskiyarka. Ba gomnati ba ta. Tsohuwa ta. Ita tat tare min ƙohwa da sahe, ta hana ni sa alli, wai tukunyarta ba ta cika ba. Ita tac ce in laƙa ma gomnati, har da in sa hula."

"Wace tsohuwa? Tsohuwata ta daɗe da mutuwa."

"Wadda tah haihe ka."

Ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa. Wata mota ta shigo, 'yan kamasho suka yi kanta da ihu, bai ko waiwaya ba.

"Ta ambaci sunana?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. "Ba ta taɓa ba. Na san al'ada, madan, ba a Abija anka haihe ni ba. Ina yaro har alhwahari nika yi, uwata ta hi ta kowa kunya. Amma in mutun ya daɗe waje, shina kwance shi ɗai, sai shi hwara tunani. Kunyar ta, ko ko babu komi a bayanta? Na bar ta da yunwa. Mijinta ya mutu ban zuba mishi ƙasa ba. In ta juya min baya yanzu, ta ina za ni gane wace juyawa ta?"

Ni kuwa in an ƙure ni faɗa nake yi. Na miƙe na kaɗe zanena. Na ce, "Ni dai ba ni da lokaci, Baba. Gobe da hantsi zan sa alli a ƙohwar nan, ko da kai ko ba kai. In kana so ka sani, ka zo ka tambayi bayanta." Na tafi ina jin kamar in koma in ba shi haƙuri.

Na koma tungar da la'asar. Tambara ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Na dai lura an share gida har bayan rumbu, kuma Sa'a na fige zakara.

Rana na gab da faɗuwa muka ji ƙarar amalanke. Yara suka shigo da gudu, mata suka fito daga gidaje, wata ta rangaɗa guɗa. Sa'a ta yi waje da ƙwaryar ruwa tana kuka. Tambara kuwa da ta ji hayaniyar sai ta tattara kabarta, ta shige ɗaki, ta saki asabari.

Ya shigo yana jan sanda. Ya dubi gidan, ya dubi inda ɗakin kakarsa yake a da, yanzu turken awaki ne. Sa'annan ya je ƙofar ɗakin uwarsa ya tsuguna, ya yi gaisuwa, ya sake yi. Ba abin da ya fito daga ciki. Tsofaffin matan da suka taru suka gyaɗa kai, wata ta ce, "Tambara ke nan, har yau ba ta canza ba." Yabo take yi. Ni kuwa fuskarsa nake kallo, kuma na ga yadda ya karɓi shirun. Ya ci tuwo kaɗan, ya kwana a ɗakin ƙanensa.

Da gari ya waye na ga jakarsa a ɗaure a bakin zaure. Ya riga ya yi magana da mai amalanke.

Na shimfiɗa takarduna a tsakar gida da hantsi. Tambara ta fito ta zauna can gefe, ta ba mu baya, fuskarta na kallon danga, ta ɗauki saƙarta. Ɗantani ya zauna a kan turmi a gabana. Maƙwabta suka jeru a bakin ƙofa, don a ƙauye ƙidaya ma kallo ce.

Na tambayi sunansa, ya faɗa. Na tambayi inda ya zauna kafin nan, da abin da ya dawo da shi, da ko ya yi lakkol. Yana amsawa a gajarce, idonsa na kan bayan tsohuwar.

Na ce, "Zama kaz zo, ko baƙunta?"

Ya jira kaɗan, kamar mai ba wani dama ya yi magana. Ba wanda ya yi. Ya ce, "Rubuta baƙo, madan. Amalanke na jirana."

Na ɗora alƙalami a kan takarda, na kasa. Sai na tuna doka ta ce shugaban gida ake tambaya, kuma ran nan doka ta yi mini rana. Na ɗaga murya yadda nake yi a aji.

"Inna, ke ce shugabar gida, ke anka ce in tambaya. Wanga mutun, mi shike gare ki?"

Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta ja tsaki. Tambayar rashin kunya ce, na sani. Ba a tsayar da uwa a gaban jama'a a tambaye ta ɗan farinta, kuma da a gidanmu na yi haka da na sha zagi har yamma. Sa'a ta rufe baki da hannu. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai kaba na shiga tana fita a hannun Tambara. Ta saƙa layi guda har ƙarshe. Ta soma wani.

Ɗantani ya dafa sandarsa zai tashi.

"Ba baƙo ba na."

Tambara ce, da danga take magana, kuma muryar ta yi ƙasa har sai da na karkata. Ya tsaya rabi a tsaye rabi a zaune.

Ta ajiye saƙar a cinyarta. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, sun sauka.

"Ni nih haihe shi."

Tana faɗa ta ja gyalenta ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, kamar amaryar da aka kama tana dariya. Kunya ce ta gaske, har wuyanta ya shige cikin kafaɗu. Ba wadda ta ja tsaki a bakin ƙofa. Ɗantani, mutumin da ya doshi sittin, ya sulale daga kan turmin ya zauna a ƙasa daɓas, ya kifa fuska a gwiwa, bayansa na girgiza. Ni kuma na nemi layin da zan rubuta na rasa, don hawaye sun cika mini ido, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Daga waje mai amalanke ya ƙwala kira, ya ce rana na yi. Ba wanda ya motsa. Ya sake kira.

Sai muryar ta fito daga ƙarƙashin gyalen, da ɗan ƙarfi wannan karon.

"Sa'a, ki ce ma mai jaki shi tahi abinai."